Jar Mazda RX-8 ta hannu a Kano: nazarin wata 18 na farko a hannun sabon mai ita

## Mai motar da abin da ya saya

Mai motar ɗan ƙanwata ne. Shekararsa 29 lokacin da abin ya faro, yana da shagon sayar da wayoyi a Kano. Ni kuma na daɗe ina koyar da kanikanci a wata kwalejin fasaha, shi ya sa daga baya maganar ta dawo hannuna. Kwanan wata da alƙaluman da ke cikin wannan rubutu na ɗauko su daga rasiɗan da ya ajiye, da saƙonnin wayarsa, da littafin da muka buɗe wa motar a watan Satumban 2023.

Kafin wannan mota ya yi shekara huɗu yana jan Toyota Corolla ƙirar 2005. Duk abin da ya sani game da mota a jikinta ya koye shi: juyen baƙin mai idan lokaci ya yi, ruwa a lagireto, iska a taya. Ba ta taɓa kwana a gareji ba.

Wadda ya saya Mazda RX-8 ce ƙirar 2005, ja, mai giyar hannu shida, daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka. A Hiroshima ta ƙasar Japan aka riƙa ƙera irinta daga 2003 zuwa 2012. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 12 ba. Sai dai abin da ya raba ta da duk motocin da ke titin Kano yana ƙarƙashin bonet. Injinta ba shi da fistin, ba shi da bawul, ba shi da ringin da kanikawanmu suka sani. Ƙirar wani Bajamushe ce mai suna Felix Wankel, wadda Mazda ta sayi izinin yi a 1961, ta fitar da motarta ta farko mai irin wannan inji a 1967, ta kuma ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa da shi a 1991.

Ka ƙaddara wani ƙarfe mai kusurwa uku yana juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Shi ake kira rota, kuma guda biyu ne a wannan mota. Kowace fuska daga fuskokinsa uku tana zuƙar iska da fetur, ta matse, wuta ta kama, ta fitar da hayaƙi, duk a zagaye ɗaya. A kan kowace kusurwa akwai wani siririn ƙarfe da ke gogar bangon gidan yana hana iska zurarewa daga wannan fuska zuwa waccan. Wannan sil ɗin kusurwa shi ne ran injin. Girman injin gaba ɗaya lita 1.3 ne, amma ƙarfin doki 238 aka rubuta masa, kuma yana juyawa har sau 9,000 a minti.

## Maris 2023: ciniki

A Instagram ya ga hotonta wajen wani dillali a Abuja. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, kasuwa ta yi sanyi, mai ita kuma yana neman kuɗi da gaggawa. An yi mata kuɗi naira miliyan 4, aka daidaita a miliyan 3.3 ban da la'ada. Ya sayar da Corolla ya cika. Agogonta ya nuna mil 98,000, wato kusan kilomita 158,000. Shi ne mutum na uku da zai riƙe ta a Nijeriya, kuma babu ko takarda ɗaya da ke nuna gyaran da aka taɓa yi mata.

Bai tafi shi kaɗai ba. Ya ɗauki bakanikensa, mutum mai amana da ya daɗe yana yi masa aiki. Suka yi abin da duk mai sayen mota ta hannu yake yi, suka yi sammako don su ga tashinta na farko da sanyin safiya. Bugu ɗaya ta tashi, babu hayaƙi, babu baƙuwar ƙara. Suka zagaya da ita na minti goma, suka dawo suka kashe, suka zauna ciniki. Ba a sake murɗa makullinta ba sai bayan kusan sa'a biyu, ta riga ta huce. Ba a sa mata kwamfuta ba, ba a auna matsin injin ba, ba a duba shekarun tayoyi ba.

Takardu kam an duba su da kyau. Takardar kwastan tana nan, lambar shasi ta yi daidai da ta takarda. Cikin mako biyu ya yi canjin suna a Kano, ya biya inshorar naira 15,000, sabon farashin da ya fara aiki a watan Janairun shekarar. Daga Abuja zuwa Kano ta sha kusan tanki guda, tankinta kuwa lita 60 yake ci. Lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba a lokacin, don haka abin bai dame shi ba.

## Afrilu 2023: ranar da ta ƙi tashi

Ranar Alhamis 20 ga Afrilu, jajiberin Ƙaramar Sallah, ya tayar da ita da safe ya fito da ita ƙofar gida don a wanke, ya kashe. Duka aikin bai kai minti ɗaya ba. Da aka gama wanki, mai wankin ya tayar da ita ya matsar da ita inuwa, shi ma ya kashe. Da la'asar mai ita ya fito zai tafi kasuwa, kik yana juyawa amma inji bai kama ba. Sautin ya yi sakayau kamar ba abin da kik ɗin yake ja, warin fetur ya cika wurin. Ya yi ta murɗa makulli yana taka totur yana saki har batir ya mutu. A Adaidaita Sahu ya je Idi.

Bayan Sallah bakanike ya zo gida. Ya zargi ruwan wanki, ya busar da wayoyi, ya sa aka sayo sabon batir, ya cire nozul aka kai wanki. Da ya kwance fulogi huɗun ya same su baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ya ƙona su a wuta, ya goge, ya mayar da kowanne mazauninsa. Har yanzu shiru. A ƙarshe suka ɗaura mata igiya a bayan wata mota aka ja ta a giya ta biyu. Ta tashi, farin hayaƙi ya rufe layin na kusan minti biyar. Aka tsaya a kan cewa ruwa ne ya shiga wuta. Kuɗin da aka kashe naira 68,000.

A cikin watan Mayu abin ya sake faruwa sau biyu, kuma duka biyun ba a wanke ta ba.

## Mayu 2023: baƙin mai da zafi

Bayan tafiyar kusan kilomita 3,000 daga ranar saye, fitilar baƙin mai ta kama. Da aka zaro geji, man yana ƙasa da alamar ƙarshe. Tun da ya sayi motar bai taɓa zaro gejin ba, domin Corolla ba ta taɓa neman ƙari tsakanin juye da juye ba. Bakanike ya ce masa, "Oga, injin nan yana shan mai, ringi ya tafi." Aka yi juye, aka ƙara da gwangwani guda na wannan mai ɗanƙon kamar zuma da ake zuba wa tsofaffin injuna don su rage hayaƙi.

A wannan zuwan ne kuma, ganin zafin Mayu da cunkoson titi, bakanike ya cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa lagireto har sai inji ya ɗumama, ya haɗa fankokin lagireto kai tsaye, yadda ake yi wa motoci da yawa a garin nan. Allurar zafi tana tsakiya kafin aikin, tana tsakiya bayansa.

## Yuni zuwa Yuli 2023: gidan mai da hanyar Zariya

Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin fetur. Cikin kwanaki lita ta haura naira 500, a watan Yuli ta wuce 600. Cikon tankin da bai kai naira 12,000 ba ya koma sama da 36,000, motar kuma a lokacin kilomita 5 kacal take yi da lita a cikin gari.

Sabuwar matsala ta ɓullo a daidai wannan lokaci. Da safe tana tashi lafiya. Amma idan ya yi tafiya ta ɗauki zafi, ya tsaya a gidan mai ya kashe, sai ta ƙi kamawa. Sau biyu yaran gidan mai suna tura ta gefe don masu layi su wuce. Idan ya jira minti 15 zuwa 20 ta ɗan huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Har ya koma shan mai a jarka yana zubawa a gida.

A tsakiyar Yuli, a hanyar Zariya wajen Kwanar Dangora, ƙarfinta ya ragu. Ta ƙi wuce juyi 6,000, fitilar inji tana ƙiftawa, dandamalin da ke kusa da sandar giya ya yi zafin da ake ji ta cikin takalmi, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya lallaɓa ya dawo. Mai kwamfuta ya karanta lambobi biyu, P0300 da P0420: wuta tana tsallake, kuma matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. Ya ce a canza koyil, wato abin da ke tura wa fulogi wuta. Aka sayo guda huɗu marasa suna a wani shago. Fulogin motar ba a samu irinsa ba, sai aka sake goge tsofaffin. Motar ta warware na mako uku, sannan ƙiftawar fitila ta dawo.

## Agusta 2023: ruwan sama, sannan ajiyewa

Wani dare bayan an ɗauke ruwa, yana fita daga wani shataletale a giya ta biyu, ya taka totur tun sitiyari bai miƙe ba, kamar yadda ya saba a Corolla. Bayan motar ya zame ya juyo, tayar baya ta daki dakalin titi, rim ya lanƙwashe. Allah ya kiyaye babu kowa a gefen hanya, shi ma ko ƙwarzane bai yi ba. Motar janwe ce ta kai ta gareji.

A can aka ba shi shawara biyu. Ko a sauke injin a ɗora mata na Toyota mai fistin huɗu a kan kusan naira miliyan 1.4, ko ya karɓi tayin wani dillali na miliyan 1.5 ya rabu da ita a yadda take. Zuwa wannan rana ya kashe naira 412,000 a gyara. Mahaifiyarsa ce ta kira ni ta ce, "Yaya, ka yi wa yaron nan magana, motar nan za ta cinye masa jari." Washegari ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, na rasa yadda zan yi da ita, kuma wallahi ina son ta." Na ce kada ya sayi komai, kada ya sayar da komai, ya ba ni mako ɗaya.

## Satumba 2023: awo

Na sauko da littafin gyaran motar daga intanet na karanta shi dare uku. Kayan aikin da muka yi amfani da su ba su da yawa: 'yar na'urar da ake soka wa ƙarƙashin sitiyari tana aika bayanan inji zuwa waya, mitar auna wuta, da gejin matsi na gama-gari. Na nemi bakanikensa ya kasance tare da mu daga farko har ƙarshe, domin shi zai ci gaba da riƙe motar.

Da kik muka fara. Inji yana da zafi, kik ɗin yana juya shi sau 185 a minti. Motocin shekarun farko sun fito da kik mai sanyin jiki, daga baya kamfanin ya maye shi da mai ƙarfi, wannan kuwa tsohon ne bai taɓa canzuwa ba. A wannan inji saurin kik yana da tasiri ƙwarai, domin gwargwadon jinkirin juyawa, gwargwadon lokacin da iskar da aka matse take samu ta zurare ta gefen sil.

Sai matsi, wanda shi ne abin da na fi jin tsoro. Gejin gama-gari yana riƙe lamba mafi girma da ya gani, alhali kowane rota fuska uku gare shi. Fuska ɗaya mai lafiya tana iya rufa wa matattu biyu asiri. Don haka muka cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe allurar, muka ɗauki bidiyon gejin da waya, muka kalla a hankali. A rotan gaba allura ta yi tsalle uku daidai wa daida, a na baya ma haka, sai dai sun ɗan fi gajarta. Ma'ana babu sil ɗin kusurwar da ya karye. Injin ya tsufa, amma bai mutu ba. Daga wannan sa'a aka ajiye maganar sauke shi.

Sauran binciken ya tafi da sauri. Biyu daga cikin sababbin koyil huɗun sun riga sun ƙone. Wayoyin fulogi na asali ne, shekara 18 ke nan. Da muka kwance salansa muka haska, indomin ya narke ya dunƙule, ya toshe fiye da rabin hanya. Faifan robar da ke rufe ƙasan inji babu shi, tudun rage gudu ya daɗe da cinye shi, kuma shi ne ke tilasta wa iska bi ta cikin lagireto maimakon ta zille ta ƙasa. Gaban lagireton ya cushe da ƙura da gutsattsarin leda. Da safe, saboda babu tamostat, ruwan inji yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya kai digiri 70. Da rana a cunkoso da na'urar sanyaya ɗaki a kunne ya kai 104, allura kuwa tana nan tsakiya, domin an yi ta ne ta zauna wuri ɗaya har sai zafi ya yi nisa. Tayoyin baya kamfaninsu daban-daban ne. Lambobi huɗun da ke gefen ɗaya 3415, wato an yi ta a mako na 34 na 2015, ɗayar kuma ta 2017 ce. Safaya babu, haka motar take fitowa daga kamfani.

Da aka jera waɗannan, labarin wata biyar ya haɗu wuri ɗaya. Inji mai sanyi fetur mai yawa ake fesa masa. Idan aka kashe wannan inji kafin ya ɗumama, fetur ɗin yana kwantawa a cikin gidan rota, ya jiƙa fulogi, ya wanke man da ke taimaka wa sil toshe iska. Abin da ya faru ranar jajibere ke nan, ruwan wanki ba shi da laifi. Cire tamostat ya tsawaita lokacin da injin ke zama a sanyi, ya ƙara buɗe wa wannan matsala ƙofa. Fulogin wannan inji kuma yana ba da wuta a kowane juyi, ninki biyu na injin fistin, don haka koyil ɗinsa yana saurin gajiya. Koyil ya gaji, ɗanyen fetur ya wuce salansa ya kama wuta a cikin indomi ya narkar da shi, indomi ya toshe ya mayar wa inji da zafi. Ƙin tashi da zafi kuwa abu uku ne suka taru: matsin da ya ragu, kik mai jinkiri, da wuta mai rauni.

Batun baƙin mai ne ya fi ba bakaniken mamaki. Na nuna masa ɗan famfon da ke gefen inji da siraran bututun da suka fito daga cikinsa. Aikinsa ya riƙa ɗiga baƙin mai cikin gidan rota don sil ya samu santsi, man kuma ya ƙone tare da fetur. Na ce masa ya tuna ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da mai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ashe ranar da ta daina shan mai ranar ce ta lalace." Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan yaro ba a gaya masa rariya ya saya ba. Man ɗanƙon da aka zuba mata a Mayu ta wannan famfo yake bi ya shiga wuta.

## Oktoba zuwa Nuwamba 2023: gyara

Da masu araha muka fara. An wanke lagireto ciki da waje, an mayar da tamostat, an mayar da fankoki hannun kwamfutar motar, mai gyaran bodi ya yanka faifan alminiyam ya rufe ƙasan inji. Juyen baƙin mai sau biyu muka yi a jere, tsakaninsu kilomita 300, domin kusan lita uku da rabi ne kawai ke fita a juye ɗaya, sauran yana maƙale a cikin na'urorin sanyaya mai guda biyu da ke bayan bamba. Littafin Amurka 5W-20 ya rubuta. Ni na zaɓi 10W-40 saboda zafin Kano da shekarun injin, kuma wannan ra'ayina ne, ba umarnin kamfani ba. An sa tayoyi huɗu sababbi iri ɗaya, 225/45R18, aka sauya rim ɗin da ya lanƙwashe.

Sauran kaya sai daga Amurka, ta hannun wani abokin kasuwancinsa: koyil huɗu na asali, wayoyinsu, sabon samfurin kik, da fulogin NGK iri biyu, RE7C-L na ramukan ƙasa da RE9B-T na ramukan sama. Kayan sun ɗauki mako biyar. Darajar naira ta riga ta faɗi tun watan Yuni, don haka waɗannan kaɗai sun ci kusan naira 800,000 har da kuɗin dako. Wannan zango gaba ɗaya ya tashi a naira miliyan 1.3.

Ranar da aka ɗaura su, kik ya juya inji sau 275 a minti. Muka tuƙa ta rabin sa'a, muka kashe, muka jira minti biyar, muka murɗa. Cikin daƙiƙa biyu ta kama.

Abu ɗaya bai yi ba. Mun sayi indomi na gama-gari aka yi masa walda a gurbin tsohon. Hayaƙin wannan inji ya fi na injin fistin zafi nesa ba kusa ba, cikin mako shida cikinsa ya farfashe yana kaɗawa. Aka cire shi aka sa bututu zalla. Motar ta ƙara ƙara, hayaƙinta yana yaji a ido, fitilar inji kuma ta zauna a kunne.

A ƙarshen Nuwamba ya kai ta wani gareji a Abuja mai na'urar auna matsin irin wannan inji, wadda ke ba da lamba uku ga kowane rota. Bayan an daidaita lissafi a kan juyi 250 a minti, na gaba ya ba da 7.4, 7.3, 7.4, na baya 7.1, 7.0, 7.1, a ma'aunin kilogiram kan murabba'in santimita. Littafin gyara ya sa 8.5 a matsayin lafiyayyen inji, 6.9 kuma iyakar ƙasa.

A bangon littafin motar ya rubuta wa kansa ƙa'idoji da hannunsa. Ba a kashe ta sai ruwa ya ɗumama, kuma ba mai matsar da ita sai shi. Idan fetur ya shaƙe ta, a danne totur har ƙasa a riƙe sannan a murɗa makulli, domin hakan yana sa kwamfutar ta yanke fetur, injin ya fitar da wanda ya taru. A zaro geji duk cikon tanki na biyu, galan ɗin mai kuma ya zauna a but. Idan ta ɗumama a samu hanya mai sarari a bar injin ya hau sama a ƙaramar giya, don baƙin da ke taruwa a ciki ya ƙone, ba tare da an wuce kilomita 100 da doka ta yanke wa ƙananan motoci a babbar hanya ba. Tudun rage gudu a hau shi a karkace. Ya kuma ɗauki al'adar wasu masu irin motar ta zuba kamar mililita 200 na man babur mai kyau a cikakken tanki, abin da ba ya cikin littafin kamfani. Wata Lahadi na kai shi wani fili babu kowa, na sa ya yi ta juyawa a hankali yana taka totur har bayan motar ya zame, sau da yawa, sai da hannunsa da ƙafarsa suka gane inda abin yake farawa.

## Disamba 2023 zuwa Satumba 2024: abin da littafi ya nuna

A wata goma ta yi kilomita 9,600. Ƙarin baƙin mai tsakanin juye da juye lita 4 ne, wato lita ɗaya a duk kilomita 2,400. Fetur kilomita 6 a lita cikin gari, 9 a doguwar hanya. Sau ɗaya ta shaƙe, a sanyin Janairu, ranar da ƙanensa ya matsar da ita don ya fitar da babur. Mai ita ya tayar da ita da kansa cikin minti goma. Ƙurar hunturu ta sa ana busa filtar iska duk mako biyu, an kuma canza ta sau biyu. Zafi mafi yawa da aka rubuta digiri 101 ne, a watan Afrilu, a cunkoso. Ba ta sake hawa motar janwe ba.

A watan Fabrairu ya sayi babur na zuwa kasuwa. Motar ta koma fita kwana biyu ko uku a mako. Da fetur ya doshi naira 1,000 a watan Satumba, wannan tsari ne ya sa riƙe ta bai gagare shi ba.

Awon matsi na biyu, a tsakiyar Satumban 2024: gaba 7.2, 7.2, 7.3, baya 6.9, 6.9, 7.0. Tashi da zafi ya koma daƙiƙa uku zuwa huɗu.

## Hukunci

A ganina bakaniken bai cuce shi ba, kuma ba jahili ba ne. Sammakon ganin tashin safe, zargin ringi idan mai ya ragu, zargin ruwa bayan wanki, duk ilimi ne mai kyau a kan injin fistin, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa. An kawo masa inji ne da waɗannan alamomi suke nufin wani abu daban, wani lokaci ma kishiyar abin da ya sani. Cire tamostat kaɗai nake ƙi ko a wace mota ce. Naira 412,000 na farko sun tafi ne saboda ana sayen kaya kafin a auna, kuma ban da batir babu abin da ya rage a jikin motar daga cikinsu. Awon da ya warware matsalar kuwa mako ɗaya ya ɗauka, da kayan aikin da kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Da a ranar ciniki sun kashe ta da zafinta sun sake murɗa makulli bayan minti biyar, da ta nuna halinta a gaban dillali, ko ya fasa ko a rage masa kuɗin kik da koyil. Amma kuskuren da na fi ganin girmansa shi ne sayar da Corolla. Motar tsere mai shekara 18, wadda fuloginta ma sai an jira mako biyar, ba ta zama motar mutum tilo. Daren shataletale kuma ya fi duk sauran tayar mini da hankali, domin tayoyi masu shekara shida da takwas a ƙarƙashin motar da baya ke turawa, a hannun wanda bai taɓa jan irinta ba, rai suke iya ci. Su ya kamata a fara canzawa tun a Abuja.

Sauya inji da na Toyota ban goyi bayansa ba a lokacin, yanzu ma haka. Sitiyarin motar na lantarki ne, shi da agogunan gaba duk da kwamfutar injin suke magana, kuma injin nata ƙarami ne da aka kwantar ƙasa can bayan tayoyin gaba, wanda shi ya ba ta daidaiton da ya sa yaron yake son ta. Rashin indomi kuwa yana damuna har yau. Masu babur da masu talla da ke bayansa a danja su ke shaƙar wannan hayaƙi, kuma na gaya masa na asali yana cikin bashin da motar ke bin sa.

Gyaran da muka yi bai mayar da injin sabo ba, ya dai tsayar da abubuwan da ke gaggauta mutuwarsa. Rotan baya yana kan iyaka. Tun watan Oktoban 2024 yake ware naira 60,000 duk wata don sayen sil da sauran kayan buɗe inji, mun kuma sa awo na gaba a watan Maris. Idan fuska ɗaya ta faɗo ƙasa da 6.9, za a sauke injin a kawo shi ɗakin aikinmu, ni da bakanikensa mu buɗe shi tare, ɗalibaina na ajin ƙarshe suna tsaye suna kallo.